Muryata Ce Ta Sayar da Gidan Mandawari

Yakasai, cikin birnin Kano.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce daga mahaifiyarka, tare da roƙon Allah Ya kai ka Legas lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya raba ka da sharrin mutane da sharrin kanka. Amin.

Za ka yi mamakin samun takarda daga wadda kuke kwana gida ɗaya. Ka dai san yadda muke. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ka ci, tun kana zanin goyo ban saba sakin baki da kai ba. Kwanakin nan duk safiyar da ka durƙusa gaishe ni sai in shirya magana, in buɗe baki, in ji “Allah Ya yi albarka” kaɗai ta fito, ka tashi ka tafi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar da ka shigo da murna ka miƙo mini waya in karanta saƙon ɗaukarka aiki, na ga ka tsaya kana jiran in yi guɗa. Ban yi ba. Ka ce, “Umma, aikinki fa zan gada, nazarin hannun jari.” Na ce na gani. Ka fita jikinka a sanyaye. Ba baƙin ciki nake yi da samunka ba. Wace uwa ce za ta yi, a wannan zamani da masu digiri ke tuƙa adaidaita sahu? Tsoro ne ya kama ni, irin tsoron wanda ya ga ɗansa ya doshi ramin da shi ya karye a ciki.

Labarin ba ɓoyayye ba ne. Duk Yakasai an san shi, kai ma na tabbata ka tsinci guntayensa a bakin yara tun kana firamare. Amma kana ƙarami lokacin, iyakar abin da ka gani shi ne wata rana an daina kunna rediyo a gidan nan. Yadda mace mai hankalinta, mai sallarta, wadda ba ta nufin kowa da mugunta take kai kanta can, shi ne ba wanda ya gaya maka.

Aikin akanta na karanta a jami'a. Na yi wasu shekaru a banki ina zaune bayan gilashi, sai wani kamfanin dillalan hannun jari na Legas ya buɗe reshe a Kano, suna neman wanda ya iya karanta lissafin kamfanoni kuma Hausa ta zauna a bakinsa. Aka ɗauke ni. Aikin shi ne irin wanda za ka je yi: a kawo mini rahoton shekara na kamfani, in bi shi layi-layi, in ga me ya samu, me ya kashe, ina ya dosa, sannan in rufe da ra'ayina: a saya, a riƙe, ko a sayar. Wallahi Abba na so aikin nan. In na buɗe rahoto ji nake kamar an ɗaga mini labulen gidan masu kuɗi ina leƙa abin da ke cikin tukunyarsu. Kuma na iya. Ba yabon kai ba ne, har Legas ana aiko mini da na wasu in duba. Na faɗa maka wannan ne don kada ka ce a ranka, ai Umma ba ta ƙware ba ne, ni na fi ta karatu. Ba rashin ƙwarewa ne ya kayar da ni ba.

Daga nan wani gidan rediyo ya nemi in riƙa zuwa shirin kasuwa na safiyar Asabar. Mai gabatarwar, Malam Sabo, mutum ne mai fara'a da zaƙin murya. Zuwana na farko na yi magana yadda aka koya mini. Na ce wataƙila farashi ya tashi idan kaza ya faru, mai yiwuwa kuma ya sauka idan kaza bai faru ba, kowa ya yi lissafin abin da zai iya jure asararsa. Muna fitowa ya cire abin kunnensa, ya dube ni yana dariya.

“Hajiya, wannan ai ba sharhi ba ne, kame-kame ne. Mutumin da ke saurarenki a rumfarsa a Kurmi abu ɗaya yake son ji: in saya ko kada in saya? In kika ce masa wataƙila, sai ya murɗa tasha.”

Na ji kunya ƙwarai, kamar ɗalibar da ta faɗi jarrabawa. Asabar ta gaba na bar “wataƙila” a gida. Na ce kamfani kaza zai tashi. Ya tashi. Na ce banki kaza a saya. Aka saya, ya ninka. Wayar gidan rediyon ta riƙa ƙara ba hutu. Aka laƙaba mini Hajiya Mai Jari. In na shiga gidan biki mata su matsa mini wuri, a kawo mini lemo mai sanyi kafin a kai wa uwar amarya.

Abba, kalmar nan ta “wataƙila” ita ce duk gaskiyar da ke cikin sana'ar nan. Ita za a fara neman raba ka da ita, kuma ba da faɗa ba, da dariya da yabo. Za a ce kana da ilimi amma ba ka da ƙarfin gwiwa. Ka bari a faɗa. Gara a murɗa tasha.

Lokacin kuwa kasuwar ta haukace. Bankuna suna ta fito da sababbin hannayen jari, fom har a bakin masallacin Juma'a ana rabawa. Mai shayi ya saya, mai facin taya ya saya, matan aure suna kwasar adashi suna aikawa a saya musu. Duk abin da ka nuna da yatsa tashi yake yi. Da akuya aka sa a gaban makirufo ta yi kuka aka fassara da “a saya”, da ita ma an kira ta gwana. Amma ni ban ga haka ba. Na ɗauka basirata ce. Mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, malamin makaranta ne mai ƙaramin albashi, ba ruwansa da jari, amma ran Asabar yakan fitar da rediyo zaure ya ƙure murya, ya ce wa abokan hirarsa, “Ku yi shiru, uwargida za ta yi magana.” Daɗin da wannan yake yi mini ya fi albashin.

Idan ka ga duk abin da ka faɗa yana tabbata, ka tsorata. Ka tambayi kanka, ni ne, ko kuwa damina ce ta sauka a gonar kowa? Ni ban tambaya ba sai da rani ya shigo.

Akwai wani banki da ba zan ambaci sunansa ba, ya ma daɗe da shuɗewa. Shi ne ya fi kowanne farin jini a lokacin. Da na zauna da rahotonsa sai na ga abin da ya firgita ni: bankin yana ba mutane rance su sayi hannun jarinsa, sayen ya ɗaga farashin, tashin farashin ya jawo wasu, su ma a ba su rance. Gini ne aka ɗora a kan iska. Na rubuta rahotona, na rufe da “a sayar”, na aika Legas.

Washegari da hantsi Oga, shugabanmu na Legas, ya bugo waya. Bai ɗaga murya ba, har lafiyarku ya tambaya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, “Madam, na karanta aikinki, ya yi kyau sosai. Amma kin san mu ne muke sayar wa bankin nan sababbin hannayensa? Kin kuma san wa ke ɗaukar nauyin shirinki na rediyo?”

Na ce na sani.

Ya ce, “Ba cewa na yi ki yi ƙarya ba. Ki ɗan sassauta harshe kawai. Ki mayar da shi ‘a riƙe’. In kasuwa ta lafa sai mu sake dubawa.”

Na ajiye wayar, na yi alwala, na yi walaha, na dawo na goge kalma ɗaya na rubuta wata. Na ce wa kaina ai bayanin yana nan cikin rahoton, duk mai karatu zai gani. Alhali na san ba mai karanta cikin rahoto, ƙarshensa kawai ake dubawa. Ranar Asabar wani mai sauraro ya bugo ya tambayi bankin nan da sunansa. Malam Sabo ya kalle ni, ya nuna mini takardar tallar bankin da zai karanta bayan na gama. Na ce, “Banki ne babba, mai rassa ko'ina, jama'a sun amince da shi.” Kowace kalma a ciki gaskiya ce. Haɗuwarsu ce ta zama ƙarya.

Ba wanda zai taɓa zuwa ya ce maka, yaro yi mana ƙarya. Da haka ake yi da kowa ya tsira. Cewa za a yi ka sassauta, ka duba lokaci, ka tuna da abokan aikinka masu iyali. Mai faɗa maka kuma mutumin kirki ne wanda ya taɓa yi maka alheri. Duk inda aka miƙo maka makirufo, kafin ka gyara murya ka binciki wanda ya biya kuɗinsa. In kuma ka ga dole sai ka goge kalma kamar yadda na goge, ka ajiye musu aikinsu ka dawo gida. Tuwo dai ba zai gagare mu ba. Na san faɗar haka da sauƙi, ni da nake faɗa ban iya ba.

Yanzu sai maganar Yaya Ladi, wadda kuke kira Inna. Ka san ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Abin da ba ka sani ba, ita aka cire daga makaranta don ni in ci gaba. Da kuɗin alkaki da nakiya da dubulan da take yi wa masu biki ta saya mini littattafan jami'a. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, gidanmu na Mandawari ya faɗo a rabonta, ga shi mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Gidan ƙasa ne, mai soro biyu da rijiya da bishiyar lalle a tsakar gida. A ɗakin kudu aka haife mu duka. Wani Alhaji ɗan kasuwa maƙwabcinta ya daɗe yana zawarcin gidan, tana cewa a'a.

A waɗancan watanni ta zo gidan nan ba ta same ni ba, ta sake zuwa ta tarar ina kan waya, na ɗaga mata hannu alamar ta jira, ta jira har ta gaji ta tafi. Ban bi ta na ji abin da ya kawo ta ba. Ina da taro, ina da rahoto, ina da shiri.

Sai wata ranar Lahadi bayan la'asar ta shigo da kwanon alkaki, fuskarta kamar an yi mata albishir da Aljanna. Ta zauna a kan tabarma, ta kwance wani ƙulli a cikin mayafinta, ta miƙo mini rasit.

“Binta, na ga ba ki da lokaci, na ce bari in hutar da ke. Ai kullum ina jin ki a rediyo. Na sayar wa Alhaji gidan, na kama ɗaki a Jakara kafin nan da baɗi. In abin ya ninka sai in biya kujerar Makka, ragowar in sayi ɗan madaidaici a bayan ganuwa. Duba ki gani, wanda kika ce babba ne na saya.”

Na duba. Sunan bankin nan ne a saman takardar.

Abba, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ta zuba mini ido tana jiran in yaba mata, yadda ka zuba mini ran da ka miƙo waya. Na ce, “Allah Ya sa albarka, Yaya.” Ta ce amin, ta tura mini kwanon, ta ce in ci tun da ɗuminsa. Na ci. Har yau ban sake kai alkaki bakina ba.

Na yi wa kaina alkawari da zarar satifiket ɗinta ya fito zan sayar mata, in ce riba ta isa haka. A lokacin ba a iya sayarwa sai takardar ta zo an tantance ta. Na yi ta bugawa Legas, ana ce mini sati mai zuwa. Wata ya wuce, wani ya bi shi. Ranar da takardar ta iso hannuna kasuwa ta riga ta juya. Kowa mai sayarwa ne, babu mai saye ko ɗaya. Kullum in sa a layi, kullum a tashi ba a taɓa ba, farashin kuma yana zubewa kamar ginin ƙasa a tsakiyar Agusta.

Lokacin da nake magana a rediyo, wanda nake gani a idon zuciyata wani Alhaji ne mai kantuna, wanda in ya yi asara zai yi tsaki ya wuce. Ban taɓa kawo Yaya Ladi a raina ba, zaune gaban kasko da ƙaramar rediyo a kan turmi. Kai ma in ka tsaya gaban waya kana bidiyon nan naka na ba mutane shawarar jari, ba ka san wa ke kallo ba. Masu kuɗi suna da masu ba su shawara a ɓoye, ba su jiran ka. Wanda zai ɗauki maganarka ya yi aiki da ita dukanta shi ne wanda ba shi da kowa sai kai, kuma abu ɗaya tak ya mallaka. Da shi za ka riƙa magana, ko ka yi shiru.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Kasuwa tana faɗuwa ina zuwa rediyo. Mutane suna bugowa, ina ce musu, “Ku kwantar da hankalinku, gyara ne kasuwa take yi, wanda ya riƙe shi zai yi dariya.” Oga ya ce kada mu tayar da hankalin jama'a. Ni ma kuma so nake ya zama gaskiya, saboda Yaya. A makonnin farko akwai masu hannun jarin wasu kamfanoni da za su iya fita da rabin dukiyarsu. Na riƙe su da muryata har ƙofar ta rufe. Wannan ya fi na farko muni, don na farko na yi shi cikin rabin sani, wannan kuwa ido buɗe. Kalmar “na yi kuskure” tana da lokacinta, Abba. In ka faɗe ta da wuri tana ceton mutane. In ka makara, kai kaɗai take sauƙaƙa wa zuciya, ba ta mayar wa kowa komai.

Ka san mazan garin nan ba za su shigo cikin gida su yi wa matar aure magana ba. Zaure suke tsayawa. Don haka mahaifinku ne ya karɓi abin da ni na shuka. Da safe kafin ya tafi makaranta akwai mai jiran sa, ya dawo akwai mai jiran sa. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo ruwa, ya zauna ya sunkuyar da kai. Wasu su yi zagi, wasu su yi kuka, wasu su yi Allah Ya isa. Ina bayan ƙofa ina ji.

Wanda ba na mantawa wani dattijo ne mai sayar da turare a Kurmi. Ya zo da takardunsa a cikin leda, ya yi sallama a hankali, suka gaisa har da tambayar iyali. Sannan ya ce, “Malam, ba faɗa ya kawo ni ba. Kuɗin auren 'ya'yana mata ne a nan. A tambaya mini Hajiya, tunda ita ta sani, takardun nan akwai ranar da za su sake zama kuɗi, ko in ba mai ƙosai ta naɗe kaya?”

Mahaifinku ya shigo, ya same ni tsaye. Ya san na ji. Na girgiza masa kai. Ya koma ya ce, “Alhaji, ta ce a yi ta addu'a.”

Ko sau ɗaya bai ce mini ke kika jawo ba. Sai dai ya daina zama majalisa. Ya koma sallah a wani masallaci can wajen unguwa inda ba a san shi ba. Ya ɗauke rediyon daga zaure ya sa a ƙarƙashin gado. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye, sauran kai ma ka gani da idonka, kai kake riƙe masa buta. Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma na san irin nauyin da ya ɗauka ya tafi da shi, na kuma san wadda ta ɗora masa.

Kamfanin ya rufe reshen Kano da saƙon tes. Malam Sabo ya samo wani baƙon, suka koma maganar farashin hatsi. Bayan wani lokaci na ga Oga a talabijin cikin kwat mai kyau, yana bayanin yadda duk mai hankali ya hango faɗuwar tun da wuri. Su ba su da zaure, Abba. A bene suke zaune mai maigadi, wanda ya yi asara bai ma san unguwarsu ba. Kai kuwa ɗan Yakasai ne. Duk nisan da ka yi, an san ƙofar gidanku, an san kabarin ubanka, an san ƙannenka mata da gidajen da za su yi aure. Abin da ka faɗa a Legas nan zai zo ya yi sallama.

Yaya Ladi tana nan a ɗakin hayar da ta ce na shekara ɗaya ne. Na roƙe ta ta dawo nan, ta ce ba ta zama gidan ƙanwa. Wata rana na same ta tana aiki, na durƙusa, na gaya mata komai, har maganar kalmar da na goge a rahoto. Na ce ta yafe mini. Ta dube ni ta ce, “Ke kika kai ni wurin Alhaji? Rabona ne ya ƙare a gidan. Tashi ki miƙo mini tsamiyar can.” Shi ke nan. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Gidan kuwa an rushe shi, an yi bene, ƙasan sito ne na atamfa. In hanya ta kama ni zuwa Mandawari zagaye nake yi.

Na ga bidiyoyinka. Ƙanwarka ce ta nuna mini. Kana tsaye jikin farin bango, ka karya hula, kana cewa, “Kada a bar ku a baya.” Fuskar ta mahaifinku ce, amma muryar tawa ce, har yadda kake jan ƙarshen magana. Da na ɗan taɓa maka zancen ka ce, “Umma, zamani ya canja. Yanzu akwai dokoki, komai a waya yake, in ka ga zai faɗi dannawa kawai za ka yi ka fita.” Ka kuma ce wanda ya ajiye kuɗinsa a ƙarƙashin katifa yau, baɗi rabin buhun da zai saya ba zai samu ba, dole wani ya nuna wa talaka inda zai sa guminsa.

Gaskiya ka faɗa, kuma ita ce ta fi karya mini gwiwa.  In sun ajiye ya narke, in sun zuba a kwashe. Ban san wurin da talakan ƙasar nan zai sa abinsa ya kwana lafiya ba. Na yi shekaru ina karanta lissafi, ga shi na tsufa ban sani ba. Abin da na sani kawai, waya ta sauƙaƙa fita, amma ta fi sauƙaƙa shiga, kuma ranar da kowa ya danna a tare ƙofar nan dai guda ce.

Jiya da hantsi Yaya ta zo yi maka sallama. Ina madafi na ji ta ja ka ɗaki. Kun ɗauka ƙarar turmi ta hana ni ji, alhali na ajiye taɓaryar. Na ji ta ce, “Abba, an ce kai ma ka zama gwani kamar uwarka. Ga kwasar adashina. Ka juya mini a wannan abin naku na waya, ko Allah zai sa in ga Ka'aba kafin idon nan ya ƙarasa rufewa.” Na leƙo ta tagar. Na ga ka karɓa hannu biyu, ka ce, “In sha Allahu Inna, baɗi war haka kina Makka.”

Ba ka ce wataƙila ba.

Ban taɓa roƙonka komai ba tunda na haife ka. Yau ina roƙo. Kafin ka je tasha ka bi ta Jakara ka mayar mata da ƙullinta yadda ta ba ka. Kada ka ƙirƙiro mata wani dalili, ka ce ni na hana. Za ta ji haushina, wataƙila ta daina zuwa gidan nan. Na yarda. Shekarun nan duka ina jiran ranar da za ta yi fushi da ni, gara ta yi a kan wannan. Maganar Makka kuwa, in Allah Ya buɗa maka, daga albashinka za ka tara ka kai ta, ko da a kan keken guragu ne. In bai buɗa ba, Ya ga niyyarta tun kafin a haife ka.

Ban sani ba ko za ka yi. Na ga hasken da ke idonka lokacin da ka karɓa, na san shi, na taɓa ganinsa a madubi. A shekarunka da wani ya rubuto mini irin wannan takarda, da na ninke ta da ladabi na ce tsufa ne da tsoro. Ba ni da ikon tsayar da kai, ba kuma zan yi maka baki ba har abada, ko me ka zaɓa. Na dai faɗa, tun lokacin faɗar bai wuce ba.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ka lafiya. Allah Ya tsare harshenka fiye da yadda na tsare nawa. Ya sa kada wani ya kwana da yunwa ko ya rasa matsuguni saboda maganar da ta fito daga bakinka. Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba Yaya Ladi abin da ni na hana ta. Ka riƙe sallah a kan lokaci. In ka sauka ka bugo wa ƙanwarka, za ta gaya mini.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Binta